Amfiya Goma Ta Ishe Ni

Kafin in ce komai, bari in fara da ku masu cika min akwatin saƙo da "Rusul ki yi haƙuri, Rusul ki bi maganar manya". Na gani, na karanta, na gode. Wata ma ta rubuto wai wace irin mace ce za ta sayar da awarwaron zinarenta ta sayo ƙarfe mai fanka. Ni ce, 'yar'uwa. Ni ce wannan macen, kuma da za a dawo min da awarwaron yau, gobe da safe a Titin Sana'a, kasuwar kwamfuta, za ki same ni ina sake cinikin. Ku gyara zama ku ji abin da ƙarfen ya jawo min a makon nan, sannan kowa ya faɗi son ransa.

Ga sababbin zuwa, sunana Rusul, 'yar Abu Nawwar, a nan Bagadaza. Zanen gine-gine na karanta. Ofisoshi ke turo min zanen gidan da ko tubalinsa ba a aza ba, ni kuma in mayar da shi hoto kamar an ɗauka da kyamara, har da inuwar dabino a jikin katanga. Ni nake tsarawa, amma mai dafa hoton shi ne katin hoto da ke cikin kwamfutata. Dafawa nake ce wa aikin don Yumma, mahaifiyata, ta gane cewa in an ɗora ba a saukewa sai ya nuna. Aka sauke a tsakiya, to sai a koma farko.

Katin nan tsawonsa daga gwiwar hannuna har yatsu, nauyinsa kuwa sai da na sa masa 'yar madogara don kada ya karya mazauninsa. Fanka uku gare shi a jere, bayansu siraran ganyayyakin ƙarfe kamar haƙoran mataji, da bututan jan ƙarfe masu kwaso zafi daga tsakiya su rarraba musu. Ainihin abin da ke aikin bai kai tafin hannun jariri ba, sauran jikin duk don a sanyaya shi aka yi. Ranar da na yi wa Bibi, kakata, wannan bayanin, kallonsa ta yi ta taɓe baki.

"Ashe amaryar masu kuɗi kika kawo mana. Ita ɗaya, masu yi mata fifita uku."

Bibi ce ta ba ni awarwaron, kuma ita kaɗai ce a gidan ba ta taɓa yi min gori a kansu ba.

In ya kama aiki da gaske, shi kaɗai yana shan wuta kusan wat ɗari shida, kuma duk abin da ya sha zafi yake mayar da shi ya huro cikin ɗaki. Ɗakina na sama ne, ga watan Agusta. Dole na sauko da kwamfutar ɗakin baƙi, inda bango ke da kauri, rana ba ta dukansa, na ajiye ta a kusurwa kusa da kabad ɗin tangaran na Yumma. Tun daga ranar ni da Yumma ba mu ƙara shan shayi cikin lumana ba.

Matsalar ba ta tsaya a zafi ba. Kun san halin wutar gwamnati, ta zo sanda ta ga dama, ta tafi ba sallama. Sauran lokacin kowa a layinmu da injin wutar Abu Muhannad yake rayuwa. Kowane gida da wayarsa zuwa babban allon da ke jikin rumfar injin, kowace waya da jozarta, ɗan makunnin nan da ke faɗuwa da kansa in gida ya ja wuta fiye da abin da ya yi rajista. Mu rajistar wutar amfiya goma gare mu tun ina 'yar makaranta. Firiji, firiza, fankoki, famfon tura ruwa sama, da mubarrida, na'urar iska mai ruwa da ke hura wa Bibi sanyi saboda ƙirjinta ba ya jure zafi. Duk suna zaune lafiya cikin goman nan har katina ya iso.

Ina ɗora hoto, Yumma ta kunna famfo, ɗif. Sai Yaba, mahaifina, dattijon da ya yi rayuwarsa yana koyar da lissafi a sakandare, ya zura silifa ya fita cikin rana da farar jallabiyarsa ya je ya ɗaga joza. Wani lokacin kafin ya dawo ƙofar gida ta sake faɗuwa. Bai taɓa yi min tsawa ba. Shigowa kawai yake yi yana share gumi, ya kalli kusurwar nan, ya kalle ni, ya wuce. Wallahi da zagina ya yi da ya fi min sauƙi.

Ni kuwa na ce ba zan bari ƙarfe ya fi ni wayo ba. Na zauna na buɗe katin, na goge busasshen man da ke tsakanin zuciyarsa da ƙarfen sanyaya na shafa sabo, na bi ganyayyakin da buroshi na fitar da ƙura, na duba filogin wutarsa na tabbatar ya shige har ƙarshe, don irinsu in suka zauna a karkace narkewa suke yi. Sannan na shiga manhajarsa na riƙa rage masa ƙarfin wutar da yake ja, kaɗan-kaɗan, ina gwadawa, in ya tsaya cak in ɗan ƙara, har na samu daidai inda zai yi aikinsa da kusan kashi biyu cikin uku na abin da ya saba sha. Saurinsa bai ragu da wani abin kirki ba, kukan fankokin ma ya sauka.

Daga wannan makon joza ba ta ƙara faɗuwa ba. Ko sau ɗaya. Na riƙa yawo a gida kaina a sama. Har na ce wa Yumma ta kunna famfo da dutsen guga tare in ta so. Ta kunna, wuta ko gezau. Na tsaya a tsakar gida na yi 'yar rawa, Bibi na tafa min.

To, akwai Muhannad, ɗan mai injin. Na san wasunku shi kuke jira.

Lambarsa tana wayar kowa a layin, don shi ke turo sanarwa in za a kashe inji a canza masa mai. A lokacin da jozarmu ke faɗuwa ne ya turo min saƙo ni kaɗai.

"Injiniya, don Allah me kuke kunnawa a gidan nan? Tanda kuka buɗe?"

Na ɗauki hoton katin na tura masa. Na zaci zai ce mene ne wannan. Sai ga amsa:

"Iskar ta ƙasa yake ja ya fitar ta sama? To kada ki matsa shi jikin bango."

Ba zan ɓoye muku ba, na karanta saƙon nan fiye da sau ɗaya. Duk samarin da aka taɓa turo min, ba wanda ya taɓa tambayata ta ina iska ke fita. Daga nan muka ɗan riƙa gaisawa. Ranar da na gama rage wa katin wuta har na turo masa: "Na gyara abina. Ba za ka ƙara ganin Yaba a rumfarku ba." Ya amsa da "Hannunki ya yi albarka, Injiniya", da ɗan hoton fuska mai murmushi. Ku riƙe wannan murmushin, za ku ji abin da ke bayansa.

Ranar Talata da safe Yumma ta shigo ina ɗora babban hoton wani otal, aikin da ofis ke jira kafin ƙarshen mako.

"Da la'asar muna da baƙi. Ki kashe wannan abin."

"Yumma, yanzu na ɗora. Su waye?"

"Baƙi dai. Ki ɗauko koriyar rigar nan ta bikin yayanki Nawwar, ki sa kwalli, ki daina yawo kamar mai gyaran rediyo."

Da na ji koriyar riga na san zancen. Na ce ba zan kashe ba, ta ce za ta cire filogi, na ce in ta cire zan fito gaban baƙin da rigar barci. Ta tafa hannu ta yi salati ta fita. Na ɗauka na yi nasara.

Gida ya ɗauki ƙamshin turaren wuta da na kleca, biskit ɗinmu mai dabino, da aka fitar daga tanda. Na yi wanka, na sa koriyar rigar mai duwatsu a wuya, na yafa gyale ruwan madara, na sa kwallin ma don a zauna lafiya. Ina kicin ina jera ƙananan kofunan shayi a kan tire na ji sallamarsu, na ji Yumma na "lale marhabin, gida ya yi haske" da wata murya da ba ta taɓa yi mana amfani da ita ba.

Tun daga bakin ƙofar ɗakin baƙi na ji kukan. Fankokin nan uku suna ihu kamar za su tashi sama. Na ɗaga ido. Umm Muhannad ce, mahaifiyar Muhannad, zaune a tsakiyar doguwar kujera, abaya baƙa mai ɗinkin ƙyalli, zinare tun daga wuyan hannu har kusan gwiwa, ƙanwarta a gefe. A kusurwa kuwa babu kwamfutata. Akwai dai wani tudu da aka lulluɓe da jan mayafin karan-miski mai geza, wanda Yumma ke rufe talabijin da shi in ana ƙura, an kuma ɗora masa tulun furannin roba a ka.

Yumma ta rufe min kati. Yana tsakiyar aiki, a watan Agusta, ta toshe masa inda yake shaƙa da inda yake fitarwa, ta yi masa ado da fure.

"Umm Nawwar, wannan kukan fa?" in ji Umm Muhannad. "Injin wanki kuka shigo da shi falo?"

"A'a, firiji ne daga kicin, ya tsufa," in ji Yumma, tana watsa min hararar da ke cewa in kin motsa sai na yanka ki.

Na ajiye tiren a hankali. Na gaishe su yadda ya kamata, na sumbaci Umm Muhannad a kumatu, na tambayi lafiyar Abu Muhannad. Sannan na wuce kusurwa, na ɗauke tulun furen na miƙa wa ƙanwarta ta riƙe min, na fizge mayafin. Wani hucin zafi ya bugi fuskata kamar an buɗe murfin tukunya. Allon kwamfutar ya nuna zafin katin ya haura digiri casa'in. Allah ya so masu ƙera shi sun sa masa hankali, in zafi ya yi yawa da kansa yake rage gudu don kada ya ƙone. Na buɗe gilashin gefen kwamfutar, na juyo da fankar tsaye daga kan baƙi na saita ta a kansa. Eh, daga kan baƙi. Ku rubuto ku zage ni.

Kukan fankokin ya fara sauka. Umm Muhannad ta leƙo, ta ƙare wa katin kallo, sannan ta koma ta jingina tana murmushi.

"To wannan ne. Wannan ne abin da ɗana ya cire muku jozar goma ya sa ta ashirin saboda shi."

Na juyo. "Khala, me kika ce?" Khala muke kiran duk sa'ar uwa.

"Au, ba ki sani ba? Kayya, yaron nan da zurfin ciki. Ai ya ce ba zai iya ganin Abu Nawwar yana sintiri cikin rana ba. Bai ƙara muku ko dinari ɗaya ba, bai kuma gaya wa ubansa ba. Sai da maƙwabciyarku Umm Ala ta je ɗaga tata jozar ta karanta lambar taku, kin san bakin Umm Ala."

"Tun yaushe?"

Ta faɗi makon. Makon da na zauna ina rage wa katina wuta. Makon da na yi rawa a tsakar gida.

'Yan'uwa, ban san yadda zan kwatanta muku ba. Ba kunya ce ta fara kama ni ba, baƙin ciki ne. Abin da nake taƙama na yi da kaina, ashe ban ma sani ba ko ya yi ko bai yi ba. Wani ya lallaɓa ta baya ya buɗe min hanya, ya bar ni ina murna kamar yarinyar da aka riƙe wa keke tana cewa ta iya. Har da "hannunki ya yi albarka".

Umm Muhannad ta ɗauki kleca ta gutsura. "Mu dai muka ce tunda yaro ya riga ya fara hidima, layi kuma ya ɗauka, gara a zo a yi abin a fili. In kin shigo gidanmu, 'yata, kin huta da wannan wahalar. Mu wuta ba ta ɗaukewa. Ki zauna cikin sanyi abinki, wannan kuma a ba wa jikoki su yi wasan mota."

"Khala," na ce, "wannan ba na wasa ba ne. Shi ya sayi dabinon klecar da ke hannunki."

Yumma ta ce "Rusul!" Ƙanwar ta ajiye tulun furen a ƙasa a hankali. Ba su ƙarasa shayin ba.

Yaba ya dawo kafin magariba, kuma daga yadda ya rufe ƙofa na san zancen ya riga ni isa wurinsa. Ya kira ni ɗakin baƙin. Bai zauna ba.

"Kin san abin da aka ce min yau a wurin shayi? Wai Abu Nawwar, ka koya mana yadda ake samun ashirin a kuɗin goma, ko sai mai 'ya mace?"

"Yaba, wallahi ban sani ba. Ban roƙe shi ba."

"Na yarda ba ki roƙa ba. Layi zai yarda?" Ya dafa ƙirjinsa. "Shekarun da na yi ina koyarwa, ko biro ban taɓa karɓa daga hannun uban ɗalibi ba. Yau a ce gidana na shan wutar sadaka saboda 'yata."

"To a mayar da ta goman mana."

"A mayar, in koma sintiri, su ce an yi faɗa ne an ƙwace? Ki saurare ni. Abu biyu ne. Ko ki amince su turo maza, abin ya zama kyautar suruki, bakin kowa ya mutu. Ko wannan abin ya bar gidana ya koma Titin Sana'a inda ya fito. Zuwa Juma'a ina son amsa."

Na ce, "Yaba, ni za a aurar don a wanke joza?"

Ya juya min baya. Ya fita. Yumma ta biyo ni har bene tana cewa yaron ba shi da aibu, yana da sana'a, yana da kunya, me nake nema. Ni ma ban ce yana da aibu ba. Da ya zo ya tambaye ni, wataƙila da labarin ya bambanta, kuma ba zan ƙara ko kalma a kan wannan ba. Amma ba zan shiga gidan kowa a matsayin wadda aka saya da amfiya goma ba, ba kuma zan rabu da katina don wani ya yi min alherin da ban nema ba.

Saƙonsa ya shigo ina cire koriyar rigar. "Injiniya, na ji abin da ya faru. Ki bari in yi bayani." Ban buɗe ba. Wani ya biyo: "Ban yi don a sani ba." Na yi tsaki na kifa wayar.

Washegari bayan azahar na ɗora hoton ƙarshe na otal ɗin, na sa baƙar abayata, na fita. Yumma ta biyo ni har ƙofa babu takalmi.

"Ina za ki? Rusul, ubanki na wurin shayi, daidai gaban rumfar!"

"Na sani, Yumma."

Mata ba sa tsayawa a rumfar inji. In dole ta kama, mace ta ɗaga jozarta ta juya da sauri. Ni kuwa na shiga har ciki. Ƙara kamar ƙasa za ta tsage, warin gas, zafi na tasowa daga jikin injin. Allon na nan da wayoyi a cukurkuɗe, kowace joza da sunan gida an rubuta da fenti. Na nemo Abu Nawwar. Sabuwa fil, fara tas a cikin tsofaffi, lambar ashirin a goshinta. Ko makaho ya shafa zai gane.

Muhannad ya fito daga bayan injin da shuɗiyar rigar aiki da tsumma a hannu. Da ya gan ni sai da tsumman ya faɗi. Sai da muka riƙa ihu kafin mu ji juna.

"Injiniya! Me kike yi a nan?"

"Ka cire ta!"

"Ki bari mu yi magana a waya!"

"Ka cire ta yanzu, ka mayar da ta goman!"

"Za ta faɗi! Ammu, babanki, zai koma sintiri!"

"Wa ya ce maka za ta faɗi? Ka gwada? Ka bar ni na gwada? Na gaya maka na gyara abina, ka sa min albarka kana dariya!"

"Ba dariya nake miki ba, wallahi! Tausayin..."

"Ban nemi tausayinka ba!"

A daidai nan ne jan ƙwan da ke saman allon ya kama, alamar wutar gwamnati ta dawo. Hannunsa ya tafi da kansa, yadda ya saba, ya murɗe makullin injin ba tare da ya ɗauke ido daga kaina ba. Ƙarar ta fara sauka. Ni kuwa na riga na ɗauko numfashi.

"In sona kake yi..."

Na ji muryata ta fita fili, ita kaɗai, har ƙarshen layi. Inji ya mutu. A wurin shayi na ji ƙarar ƙwayar domino ta faɗi a kan tebur. Na waiga. Duk sun juyo, tsofaffi da matasa, mai shayi da buta a sama. Yaba na tsakiyarsu.

Ina iya yin shiru a nan. Ina iya jan gyalena in gudu gida, a ce zafi ne ya taɓa min kai. Na dubi Yaba, na dubi Muhannad, na ƙarasa maganata da ƙarfin da na fara ta.

"In sona kake yi, ka zo ƙofar gidanmu ka tambaye ni. Kada ka ƙara lallaɓowa ta bayan allo ka yi min alheri a ɓoye. Amfiya goma ubana ya biya, goma za ka ba mu."

Fuskarsa ta yi ja har kunne. Ya jawo akwatin kayan aiki, ya tono tsohuwar jozarmu, wadda ashe ya adana, ya kwance sabuwar ya ɗaura ta a gaban idon kowa. Da ya gama ya miƙo min ta ashirin ɗin, ban san ko me yake nufi ba. Na ce ya riƙe kayansa.

Yaba ya miƙe daga teburin. Bai kalle ni ba. Ya bi ta gefena ya nufi gida, ni kuma na bi bayansa da tazara, kaina a miƙe.

Na zaci duka ne, ko ya ɗauki kwamfutar ya jefar waje. Har na tsaya a ƙofar ɗakin baƙi na tare hanya. Bai ko nufo ni ba. Tsani ya ɗauko da filaya. Ya jingina a katangar ƙofar gida, ya hau, dattijo mai ciwon gwiwa, ya datse wayar injin daga inda ta shigo mana. Ya naɗe ta ya wurga titi.

"Abu Nawwar, ka haukace?" Yumma ta ɗora hannu a ka. "Agusta fa! Uwarka fa!"

"Gidana ba zai ƙara shan wutar mutanen nan ba. Ba goma ba, ba ashirin ba." Ya sauko ya dube ni a karon farko. "Kin ce abinki ya iya zama cikin goma. To ki koya masa zama cikin babu."

Na koma ciki na tsaya gaban allon kwamfuta. Hoton ya wuce rabi, ana ganin ƙofar otal ɗin da rabin sararin sama. Na riƙa addu'a a zuci wutar gwamnati ta yi mana mutunci yau kaɗai.

Ba ta yi ba. Ana kiran la'asar ta ɗauke. A waje na ji injin Abu Muhannad ya tashi, na ji na'urorin maƙwabta suna kamawa ɗaya bayan ɗaya. Gidanmu kaɗai ya yi tsit. Batirin ajiyar da ke ƙarƙashin teburina ya fara ƙara, ƙit, ƙit, yana gaya min 'yan mintuna suka rage. Rabin hoto ba ya ajiyuwa. Da hannuna na kashe kwamfutar, na tsaya ina kallon fankokin har suka tsaya.

Wannan bai sa ni kuka ba. Abin da ya sa ni kuka shi ne da na leƙa ɗakin Bibi. Mubarrida ta mutu, ɗakin ya riga ya fara ɗumi, Bibi na kwance tana jan numfashi da baki, Yumma na durƙushe tana yi mata fifita da maficin kaba da jiƙaƙƙen tawul a ɗaya hannun.

"Kin ji daɗi?" in ji Yumma, ba ta ko juyo ba.

Bibi ta ɗaga yatsa da ƙyar. "Ƙyale min yarinya. An ce har ƙarshen layi aka ji ta?" Ta so ta yi dariya, tari ya sarƙe ta.

Na tsorata, ba zan yi muku ƙarya ba. Ban yi nadamar ko kalma ɗaya da na faɗa a rumfar nan ba, amma ban taɓa tunanin Bibi ce za ta biya ba. Na karɓi maficin daga hannun Yumma ina yi mata, hawaye na zuba a kan abayar da ban ma cire ba.

Wayata ta yi ƙara a aljihu. Muhannad.

"Na tsinci wayar wutarku a titi. Na san halin da Bibi ke ciki."

Kafin in gama karantawa wani ya shigo.

"Ina ƙofar gidanku da sabuwar waya a kafaɗata. Babana na tare da ni. Ban taɓa komai ba, ba kuma zan taɓa ba sai kin ce. In ƙwanƙwasa?"

Na dubi Bibi. Na leƙa tsakar gida, Yaba na zaune a kan kujerar roba, filayar na kan cinyarsa, jallabiyarsa ta jiƙe da gumi. Na miƙa wa Yumma maficin, na share fuskata da gefen gyale, na rubuta:

"Ka ƙwanƙwasa. Waya kaɗai za ta shigo yau, kuma a kan goma. Sauran maganar, in an tashi yin ta, ni za a tambaya."

Na fito tsakar gida na nufi ƙofa. Yaba ya ɗago.

"Rusul, koma ciki."

Tunda nake ban taɓa jin wannan muryar na ci gaba da tafiya ba. Na ji kujerar ta yi baya, na ji takunsa a bayana. Hannuna na kan sakata lokacin da aka ƙwanƙwasa.